Gangar da Ta Shiga Takarda: Waiwaye Daga Habana Zuwa Daura

A shekarar 1492, Muhammadu Rumfa yana kan gadon sarautar Kano, abubuwa biyu suka faru nesa da ƙasar Hausa waɗanda suka sauya tarihin kiɗa a duniya. A watan Janairu birnin Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗa hannun sarakunan Sifaniya. A watan Oktoba kuma jiragen Kolumbus suka isa tsibirin Kyuba ɗauke da tutar Sifaniyar. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Rumfa ya fara kawowa fada. Kakakin nan da algaita, waɗanda har gobe ake busa wa Sarkin Daura ranar hawa, danginsu suna Maroko da Aljeriya, kuma an daɗe ana busa irinsu a Andalus. Gado ɗaya ne ya rabu biyu. Wani ya ratsa Sahara ya sauka a fadojinmu, wani ya bi Sifaniyawa ya ƙetare teku. A can ƙetare ya tarar da gangar bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma daga wannan gamuwa aka samu kiɗan Kyuba.

Gangar nan hukuma ta taɓa haramta ta. Daga baya ta samu mutanen da suka zauna suka rubuta ta a takarda, suka shigar da ita zauren manyan makaɗan duniya, har ta dawo Afirka a faifan garmaho ta zama abin koyi. Wannan tafiya ita nake so mu bi sawunta, domin a ƙarshenta akwai magana da ta shafe mu, mu masu tambari da kotso da kalangu.

Rake, bayi da ganga

Kyuba ta karɓi bayi 'yan Afirka kusan 800,000, mafi yawansu a ƙarni na 19, lokacin da noman rake ya bunƙasa a can bayan tawayen bayin Haiti ya rusa gonakin Faransawa. Wannan zamani ya zo daidai da yaƙe-yaƙen da suka girgiza yankinmu: jihadin da ya fara a 1804, wanda ya kai ga ficewar Sarkin Daura Abdu daga birninsa, da tawayen Ilori na 1817, da rushewar daular Oyo. Mutane da yawa da aka kama a fagen fama an gangara da su bakin teku. Hausawan da abin ya rutsa da su galibi Bahiya aka kai su, a Barazil, inda suka yi tawaye a 1807 da 1814. Yarabawa kuwa suka cika gonakin Matanzas da unguwannin Habana, ana kiran su Lukumi.

Hukumar Sifaniya ta bar bayi da 'yantattu su kafa ƙungiyoyi bisa ƙabila, kowace da sarkinta da tutarta da gangunanta. Duk ranar 6 ga Janairu a sake su su cika titunan Habana da rawa. Dabarar mai mulki ita ce a raba kawunansu, amma abin da ya biyo baya shi ne kowace ƙabila ta riƙe kiɗanta. Lukumi suka riƙe gangunan bata guda uku, babba da matsakaiciya da ƙarama, masu zance da juna. Mutanen yankin Kalaba suka kafa ƙungiyar Abakuwa a 1836. 'Yan Kwango suka riƙe nasu dogayen gangunan. Daga ɓangaren Sifaniya kuma aka samu jita, da salon baiti mai layi goma, da raye-rayen falo. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne wasu 'yan sanduna biyu da ake gwarawa, bugu biyar, uku sannan biyu, ana maimaitawa ba fashi. Duk mai ganga da mai busa da mai waƙa a kan wannan bugu yake dogara. Wanda ya san yadda ƙararrawar ƙarfe ke riƙe kiɗa a gaɓar teku, daga Gana zuwa ƙasar Yarabawa, zai gane inda dabarar ta fito.

An soke bauta a Kyuba a 1886, ƙasar ta samu tutarta a 1902, amma ganga ba ta samu 'yanci ba. Masu faɗa a ji suna so duniya ta ɗauke su Turawa. A 1900 hukumar birnin Habana ta hana buga gangunan Afirka a tarukan jama'a. A 1912 sojoji suka kashe dubban baƙar fata a gabashin tsibirin saboda sun kafa jam'iyyar neman haƙƙinsu. Bayan haka aka hana ayarin masu rawa fita titi, 'yan sanda suna shiga gidaje suna ƙwace ganguna. Hatta masanin nan Fernando Ortiz, littafinsa na farko a 1906 kallon tsafi da aikata laifi ya yi wa al'adun baƙar fata.

Yaron Guanabacoa

Cikin wannan hali Ernesto Lecuona ya tashi. An haife shi ranar 6 ga Agusta 1895 a Guanabacoa, gari ne a tsallaken mashigin ruwan Habana da ya yi suna da yawan baƙar fata da bukukuwansu. Mahaifinsa ɗan jarida ne da ya zo daga tsibiran Kanari na Sifaniya. Yayarsa Ernestina ce ta fara ɗora masa yatsu a kan fiyano, daga nan ya shiga makarantar koyon kiɗa ta ƙasa, ya fita da lambar zinariya tun bai kai shekara 20 ba. Abin da aka koya masa shi ne kiɗan ilimi na Turawa, wanda mai tsarawa ke rubuta kowane sauti da alama a takarda, da tsawonsa da ƙarfinsa, ta yadda makaɗin da bai taɓa ganinsa ba zai buga shi bayan shekara 100 bai rage komai ba. Hannunsa ya ƙware a wannan, amma kunnensa da gangar unguwa ya girma.

A 1912, shekarar kisan nan, yana ɗan shekara 17, ya tsara La Comparsa. Hannun hagu yana ta maimaita bugun ganga ɗaya, ba ya sauya shi daga farko har ƙarshe, hannun dama yana rera waƙa a kansa. Kiɗan yana farawa can ƙasa-ƙasa, ayari na tahowa daga nesa, ya yi ƙarfi sa'ad da suka iso ƙofar gida, ya dusashe bayan sun wuce. Ayarin da 'yan sanda ke kora a titi sai ga shi ya shiga falon masu kuɗi ta kan fiyano, ana tafa masa.

Lecuona bai tsaya a ɓangare ɗaya na gadonsa ba. Kamar yadda ya tsara Danza Lucumí da sauran raye-rayen baƙar fata, haka a 1928 ya fito da Andalucía, kiɗa shida a jere da ya sa wa yawancinsu sunayen wuraren kudancin Sifaniya: Kurɗuba, birnin da mawaƙin nan Ziryab ya sauka a shekarar 822 daga Bagadaza ya kafa makarantar kiɗa, fadar Alhambra ta Garnada, kogin Guadalquivir, da Malagueña, wadda ta fi duk sauran ayyukansa zagaya duniya. Shi da Gonzalo Roig suka kafa babbar ƙungiyar makaɗan Habana a 1922. Ya tsara Siboney, da wasan waƙa na María la O a 1930. A 1943 ya gabatar da Rapsodia Negra a zauren Carnegie da ke New York. Ya bar Kyuba a 1960 bayan juyin juya halin Fidel Castro, ya rasu ranar 29 ga Nuwamba 1963 a tsibirin Tenerife, ƙasar mahaifinsa. Ya bar ayyuka fiye da 600.

Ba kowa ne ya gamsu da shi ba, kuma masu sukar suna da hujja. Sun ce ya goge wa ganga kaifinta don ta shiga kunnen masu kuɗi, kuma makaɗan da ya ji a Guanabacoa ba a san sunan ko ɗaya ba, alhali sunansa yana kan kowace takarda. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Amma gaskiya ce kuma cewa shi ne ya sa mutanen da ke ƙyamar ganga suka fara zama suna sauraron bugunta.

Waɗanda suka shiga ciki sosai

Wasu samari biyu sun fi shi kutsawa. Amadeo Roldán, wanda aka haifa a Faris a 1900, ya koyi gogen Turawa a Madrid, ya zo Habana ya riƙa zuwa wuraren bukukuwan Lukumi da Abakuwa tare da marubuci Alejo Carpentier, yana zaune da alƙalami yana rubuta abin da kowace ganga ke faɗa. Alamomin Turawa ba su da hanyar nuna bugun tafin hannu da na yatsa da na gefen fata, sai ya ƙirƙiro nasa. A 1925 ya sa gangunan Kyuba cikin babbar ƙungiyar makaɗa, abin da ya tayar da ƙura a jaridu. A 1930 ya tsara Rítmicas, guda shida, biyun ƙarshe babu komai a cikinsu sai kayan bugu. Suna cikin na farko-farko a tarihin kiɗan ilimi na Turawa da aka rubuta wa ganguna zalla. Ya rasu a 1939 yana da shekara 38.

Abokinsa Alejandro García Caturla, ɗan garin Remedios, lauya ne kuma alƙali, ya yi karatun kiɗa a Faris wurin Nadia Boulanger. Ya tsara raye-rayen Kyuba wa manyan ƙungiyoyi, ya kafa ƙungiyar makaɗa a wani ƙaramin gari don kada ilimin ya tsaya a babban birni. A 1940 wani mutum da shari'arsa ke gabansa ya harbe shi, yana ɗan shekara 34.

Shi kuwa Ortiz, bincike ya sauya masa tunani. Mutumin da ya fara da zargi ya ƙare da hidima. A 1936 ya gayyaci masu bata suka buga a gaban taron jama'a yana bayani, karo na farko da aka yi haka a fili. Shekara guda bayan nan hukuma ta mayar da ayarin masu rawa titunan Habana. Tsakanin 1952 da 1955 ya wallafa littafi mai juzu'i biyar a kan kayan kiɗan baƙar fatar Kyuba kawai: yadda ake sassaƙa kowace ganga, itacen da ake nema, fatar da ake ja, wanda ya halatta ya buga, da lokacin da ake bugawa. Aikin ya kasu uku ke nan. Akwai masu ganga da suka riƙe gadon a lokacin tsanani, akwai masani da ya tattara, akwai masu tsarawa da suka gina sabon abu a kai. Da ɗaya ya ɓace, da sauran ba su kai ko'ina ba.

Dawowa gida a faifai

A 1930 ƙungiyar Don Azpiazu ta ɗauki El Manisero a New York, waƙar mai tallar gyaɗa, ta zama abin yayi a Amurka da Turai. A 1933 kamfanin HMV na Ingila ya fara buga wasu faya-fayai masu lambar GV don kasuwar Afirka, wannan waƙa ce ta ɗaya a jerin. Cikin shekara 25 sun fitar da kusan 250. Fatake da ma'aikatan jirgin ruwa suka watsa su daga Dakar har Kinshasa. Mutane ba su jin Sifaniyanci, amma sun ji bugun, sun gane nasu ne ya yi tafiya ya dawo da sabuwar riga.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A Kwango, Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco ya biyo da OK Jazz a 1956, aka haifi rumbar Kwango. A Gini aka kafa Bembeya Jazz a 1961, a Senegal Orchestra Baobab a 1970. A Gana, E. T. Mensah ya zuba gangunan Kyuba cikin kiɗan hailayif, ya zagaya Nijeriya da shi a shekarun 1950, su Bobby Benson da Victor Olaiya suka ɗauka.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Boncana Maïga, ɗan Gao, ƙasar Sangai, maƙwabtanmu na yamma. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Modibo Keita ta tura matasa goma Habana su koyi kiɗa. Makarantar da suka shiga sunan Caturla take ɗauke da shi. Suka koyi karanta alamomi da tsara wa ƙungiya, suka kafa Las Maravillas de Mali, suna buga salon Kyuba suna waƙa da harsunan gida. Maïga ya shugabanci ƙungiyar makaɗan gidan rediyo da talabijin na Abijan, a farkon shekarun 1990 kuma shi da Ibrahima Sylla suka kafa Africando, suka haɗa mawaƙan Senegal da makaɗan New York. Ilimin da Roldán ya zauna ya tsara wa gangar jikokin bayi, ga shi ya dawo bakin kogin Kwara a hannun ɗan Afirka.

A kudancin Nijeriya an samu masu irin aikin Lecuona kai tsaye. Fela Sowande ya tsara African Suite a 1944, ya ɗora waƙoƙin gida a kan gogen Turawa. Akin Euba ya shafe rayuwarsa yana neman yadda fiyano zai yi zancen gangar Yarabawa. Sun samu wannan dama ne domin makarantun mishan sun koyar da karanta alamomin kiɗa tun ƙarni na 19.

Me ya sa Arewa ta bi wata hanya

Kiɗan Kyuba ya iso Arewa, amma a Sabon Gari ya tsaya, cikin otal-otal na Kano da Kaduna da Jos da Zariya, da barikin soja da na 'yan sanda. Bala Miller, wanda asalin gidansu Zariya ne, shi ya fi kowa ƙoƙarin ƙetare wannan shinge. Ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Africa tana da ƙahonin Turawa da jita da gangunan Kyuba, waƙoƙinta kuwa da Hausa, kuma Ikon Allah ta shiga gidaje ta rediyo da talabijin. Ya rasu a 2003. A Nijar an kafa cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda irin su Sa'adu Bori suka haɗa kiɗan gida da kayan zamani.

Amma cikin birni da karkara kunnen Bahaushe bai karkata can ba, kuma akwai dalilai. Na farko, a wurinmu magana ce gaba. Ana sauraron Narambaɗa ko Ɗanƙwairo don abin da suka faɗa, kiɗan yana raka zancen ne. Waƙar da ba a jin harshenta ba ta da mazauni. Na biyu, kiɗa sana'ar gado ce, kuma ba a ɗauke ta sana'ar ɗan makaranta ba. Wanda ya yi boko ba ya taɓa ganga, wanda ya gaji ganga kuma ba a tura shi boko. A Kyuba abin da ya haifar da Roldán shi ne mutum ɗaya ya haɗa biyun. Na uku, baƙon kiɗan da ya shiga zuciyarmu ta silima ya zo, daga Indiya. Abdu Yaron Goge ya buga amon finafinan Indiya a gogensa, Ali Makaho ma ya ɗauki irin wannan salo. Da finafinan Hausa suka tashi daga 1990, sai fiyanon Yamaha da Casio suka zama su ne ganga, su ne algaita, su ne sarewa. Mutum ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti ya maye gurbin ƙungiya guda.

Shata da Daura

Duk da haka kada a ce ba mu taɓa samun mai ɗaukar gangar talakawa ya kai ta zauren manya ba. Mun samu, kuma a Daura yake kwance. Kalangu asali na mahauta ne da dandalin samari da 'yan mata. Fada tana da nata kayan: tambari na sarki kaɗai, kakaki, algaita, farai, kotso, taushi, jauje, kowane da wanda ake yi wa shi da lokacin da ake yin sa. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba. Ya ɗauki kalangun dandali ya tsara masa ƙungiya, manyan kalangai suna zance, kuntukuru da kurkutu suna riƙe bugu, 'yan amshi suna ɗaure baiti. Da wannan ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da manoma, ya yi wa kumbon Apollo 11 da ya je wata a 1969. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Babban ubangidansa shi ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe minista a gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gadon sarauta a 1966, ya yi mulki har 2007. Sarkin da ke da tambari da kakaki a ƙofar gidansa ya buɗe wa kalangu ƙofa, ya girmama mai shi a raye, da ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999 kuma Daura aka kawo shi aka yi masa sutura. Masarautar da ta yi wannan ta riga ta nuna cewa ta san darajar makaɗi.

Bambancin Shata da Lecuona ba a baiwa yake ba. Malagueña tana takarda, yau ɗalibi a Japan zai buɗe ya buga ta yadda mai ita ya so. Kiɗan Shata kuwa yana cikin kaset da hannun waɗanda suka yi masa kiɗa, kuma mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Mun rubuta waƙar, saura kiɗan

Ba a zauna haka nan ba. David Ames ya ɗauki kiɗan fadar Zazzau a shekarun 1960, Anthony King ya yi aiki a Katsina, su biyun suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Daga 1981 zuwa 1985 mabushin nan Ba'amurke, Yusef Lateef, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello yana binciken sarewar Fulani, shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa. A Nijar, Mahaman Garba ya yi digirinsa na uku a kan kiɗan Hausawan can. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda Indiya da fiyano suka shigo. Allah ya saka musu da alheri.

Amma idan aka auna, abin da muka fi adanawa shi ne baitin. Sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da kundaye a kan jigo da salo da zambo da habaici. Abin da kalangu ke yi a ƙarƙashin baitin, yadda babba ke amsa wa ƙarami, yadda mai algaita ke jan numfashi ta hanci yana busa ba yankewa, yadda kakaki biyu ke karɓa-karɓa su fitar da kirarin sarki da sauti biyu ko uku kacal, wannan kaɗan ne ya shiga takarda. Kowace sarauta a Daura tana da takenta. Galadima da nasa, Kaura da nasa, kuma mai kunne zai gaya maka wanda ke tahowa tun bai ga rawani ba. Taken nan yana kan 'yan tsirarun dattawa. Duk wanda ya faɗi bai koya wa ɗa ba, ya tafi da nasa kason.

Darasin Kyuba ba shi ne mu koma kaɗa rumba ba, ba kuma shi ne mu mayar da tambari abin wasan falo ba. Tambari yana da hurumi, a bar masa huruminsa. Darasin shi ne abin da ake rainawa yau yana iya zama abin da duniya za ta san ƙasa da shi gobe, in an samu masu riƙewa, da masu tattarawa, da masu ginawa a kai. Su sun yi wannan aiki da gangar da aka shigo da ita cikin sarƙa, ana ƙwace ta ana fasawa. Mu namu kayan a fada suke, sarki ne ke ba su rawani, ana fito da su kowace Sallah ƙarama da babba da Sallar Gani. Uzurinmu bai kai nasu ba.

Akwai kuma kuskurensu da ya kamata mu kauce wa. Makaɗan Guanabacoa sun ɓace ba suna. In za a rubuta taken Daura, a rubuta sunan wanda ya buga shi, da wanda ya koya masa, da gidan da ya gada, in wani abu ya shigo kuma a kai masa rabonsa.

Saboda haka kirana ga masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ne su haɗa hannu a zaunar da masu tambari da masu busa da masu kalangu, a ɗauki kowane take da murya da hoto, kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya sannan a haɗe. A zaɓi 'ya'yan makaɗan da kansu a koya musu karanta alamomi da tsara wa ƙungiya, domin su ne suka tashi da kunnen. Ku kuma matasan da ke zaune gaban kwamfuta kuna haɗa sauti a Kano da Kaduna da Katsina, ku riƙa kiran mai kalangu na gaske ya shigo ɗakin, ku biya shi, ku sa sunansa. Masu wannan ilimi suna nan da ransu a Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, kuma yanzu ne lokacin zuwa wurinsu.